Kafin Ka Sayi Fom ɗin Mastas a Kimiyya

Da zarar jami'o'i sun buɗe sayar da fom ɗin digiri na biyu, hirar matasanmu da suka gama bautar ƙasa takan koma kan abu biyu: wane kwas ne ke tashe, kuma nawa ne kuɗin rajista. Daga Wurno zuwa Achida, daga Rabah zuwa Gandi, har Goronyo da Shinaka, zancen ke nan a majalisa da cikin waya. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai yana son ya tsallaka kwamfuta don ya ji an ce can kuɗi yake. Wanda ya karanta aikin gona yana neman kwas mai dogon suna da zai cika baki idan an tambaye shi. Shawarata ga ƙannena maza da mata ita ce, a bar waɗannan tambayoyi biyu su zo a ƙarshe. Mastas a fannin kimiyya da fasaha koyon sana'ar bincike ne, a hannun malami ɗaya, a kan tambaya ɗaya, da kuɗin da mafi yawansa daga aljihunka zai fito. Wanda ya sayi fom bai san tambayarsa ba, bai san wanda zai duba masa aiki ba, bai kuma ƙirga abin da gwaje-gwajensa za su ci ba, shi ne za ka tarar bayan shekara huɗu yana cewa "saura kaɗan", alhali karatun na shekara biyu ne.

Fara da tambayar kanka, tsakaninka da Allah, me kake nema. Idan burinka koyarwa a jami'a ko aiki a cibiyar bincike, babu makawa sai da mastas, don da shi ake ɗaukar mutum ƙaramin lakcara, kuma shi ne ƙofar digirin dakta. Idan kana da aiki a hannu, a ma'aikatar ruwa ko ta gona, ko a Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko a ɗakin gwaji na asibiti, kana son ka ƙware a abin da kake yi kullum, wannan ma dalili ne mai ƙarfi. Amma idan dalilin shi ne zaman gida ya ishe ka, dangi sun fara tambaya, kana neman abin cewa, to dakata tukuna. Takardar mastas ba ta ƙirƙiro gurbin aiki inda babu shi, kuma shekara biyu ko ukun da za ka ƙara suna iya fitar da kai daga iyakar shekarun da bankuna da kamfanoni ke gindaya wa sababbin ma'aikata. Kuɗin da za ka kashe, da ka zuba shi a noman albasa na rani biyu, ko ka biya ka koyi haɗa sola a hannun gwani, mai yiwuwa ya fi yi maka rana. Babu jami'ar da za ta gaya maka wannan, domin ita fom take sayarwa.

Akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa tun a wajen cike fom. Mastas iri biyu ne. Akwai na bincike, mai ɗauke da MSc ko MEng ko MTech, wanda ake yin darussa zango biyu, sannan a rubuta kundi a kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Akwai kuma wanda aka tsara wa ma'aikata, galibi da yamma ko a ƙarshen mako, ya fi tsada, ya fi saurin ƙarewa, kuma a yawancin jami'o'inmu ba a wucewa da shi digirin dakta kai tsaye. Sunayen kwasa-kwasan sukan yi kama da juna ƙwarai, musamman a ɓangaren kwamfuta da kula da muhalli. Ka je sashen da ƙafarka, ka tambayi jami'in da ke kula da ɗaliban gaba da digiri: "Malam, wannan yana kai mutum PhD?" Kada ka bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka. Sauran sharuɗɗan sanannu ne: 2:2 aƙalla a fannin da kake nema, ko da yake wasu sassan sun fi haka tsanani, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da takardar NYSC ko ta sahalewa. Mai HND, da mai daraja ta uku, da wanda zai sauya fanni, yawanci sai sun bi ta PGD, shekara guda ke nan a kan lissafi. Kuma in kana hangen dakta, ka sani tun ranar farko cewa jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar wanda makinsa na mastas ya gaza kusan kashi 60 cikin 100.

Takardar sakamakon jarrabawa dalla-dalla, wadda tsohuwar jami'arka za ta aika wa sabuwa, ita ce ke riƙe mutane fiye da komai. Ka nema tun kafin a buɗe fom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga jigon maganar: tambayar bincike. Na ga ɗalibai 'yan yankinmu suna zama a Sakkwato suna laluben taken kundi a intanet, suna ɗauko abin da wani ya yi a Legas ko Indiya su sauya sunan gari, alhali tambayoyin da masana ke zuwa nema daga nesa suna bayan gidansu. Dubi madatsar ruwa ta Goronyo. An kammala ta a 1984, an ƙaddamar da ita a 1992, an gina ta don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900 daga Gulbin Rima. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ɓarnar da har yau ake tunawa, ya ci ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ranin 2018 kuma madatsar ta ja baya har aka riƙa cewa abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ruwan sha. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai kundin mastas da yawa da ba a rubuta ba tukuna. Yashi da laka nawa Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare ke kwasowa su jibge a cikin dam duk damina? Ruwa nawa rana ke shanyewa a watan Afrilu? Wane lokaci ya dace a saki ruwa don kada mai shinkafa a ƙasa ya yi kuka, mai gida a bakin gulbi ma kada ya yi? Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 don gyara manyan ayyukan noman rani na Arewa, ciki har da na tsakiyar kwarin Rima da na Bakolori. An gyara magudanai, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Mai karatun injiniyan ruwa ko na gona yana iya auna ko ruwan da ya bar dam yana isa gonar ƙarshe, da nawa ke zurarewa a hanya. Wannan tambaya ce da hukuma za ta so ganin amsarta.

Haka albasa da tafarnuwa. Kowa a Wurno da Goronyo ya san yadda farashi ke faɗuwa ƙasa lokacin cira, ya san kuma abin da ke ruɓewa a rudu kafin farashin ya tashi. Injiniya zai iya auna zafi da laimar da ke cikin rudu, ya gwada sauya tsayinsa ko yadda iska ke ratsa shi. Mai nazarin ƙwayoyin cuta zai iya gano wace cuta ce ke fara ruɓar. Mai sinadarai zai iya duba ragowar maganin feshi a jikin kayan miya da ruwan ƙananan rijiyoyin fadama. Mai nazarin ƙasa yana da fadamun da suka fara yin kanwa saboda ban-ruwa ba magudanar fita. Mai ilimin halittu yana da tsargiya a jikin yaran da ke wanka a magudanai, da dodon koɗin da ke ɗauke da ita. Likitan dabbobi yana da jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai. Ba sai ka warware matsalar gaba ɗaya ba. Mastas mai kyau ƙaramar tambaya yake ɗauka ya amsa ta da gaske, misali irin albasa biyu, a rudu iri uku, na wata huɗu. Ɗalibin da ya ce zai binciki "matsalolin noman rani a Jihar Sakkwato" bai zaɓi komai ba tukuna.

Bari in ɗan ratse ga masu ilimin duwatsu, don abin yana ba ni haushi da sha'awa a lokaci guda. A littattafan ilimin ƙasa na duniya akwai shimfiɗun dutse da ake kira da sunan Wurno da Taloka da Dukamaje, kamar yadda ake da na Dange da Kalambaina inda ake haƙar dutsen siminti. Masana sun nuna cewa a wani zamani mai nisa teku ya taɓa rufe wannan yanki. A cikin waɗannan duwatsu aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa mai kama da kada, wadda wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Swinton ya fara bayyanawa a 1930, sannan masana daga Jami'ar Fulorans ta Italiya suka sake tono wasu, suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Sunan garinmu ne a jikinta, ƙasusuwan kuma suna Turai. Ɗan Goronyo da ya karanta ilimin duwatsu yana da abin da zai rubuta wa farfesa a kowace ƙasa a saurare shi, domin ya san hanyar zuwa wurin, ya san sarakunan da za a gaida, yana jin harshen masu gonar.

Sai dai zuwa wurin shi ne abin tsoro a yau, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai ƙauyuka a Rabah da Goronyo da mai hankali ba zai ɗauki jakar samfur ya nufa ba. Kada ka rubuta a takardar ƙudurin bincikenka cewa za ka ɗebo ruwa daga rijiyoyi hamsin a wuraren da ko mazaunansu sun yi hijira. Ka zaɓi wurare na kusa da babbar hanya, ka bi ta hannun hakimi da mai unguwa, ka fita da safe ka dawo kafin la'asar, kuma ka tanadi wasu wuraren na maye gurbi da malaminka ya amince da su tun farko. Akwai ma binciken da ba ya buƙatar shiga daji sam. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, kuma wanda ake kira Landsat 5 an harba shi a 1984, shekarar da aka gama dam ɗin Goronyo, don haka tarihin faɗin ruwan tun daga farkonsa yana nan a ajiye. Hotunan Sentinel-2 na Turai sun fara a 2015 kuma sun fi fito da ƙananan gonaki. Bayanan ruwan sama na CHIRPS sun koma baya har 1981. Da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da manhajar QGIS da R waɗanda ba a saye, mutum zai iya yin kundi mai nauyi yana zaune a ɗakinsa, ya fita sau ƴan kaɗan kawai don tabbatar da abin da hoto ya nuna. Wannan ƙwarewa ce kuma da ƙungiyoyin agaji da hukumomin ruwa ke biyan kuɗi a kanta.

Idan ka samu tambaya, sai neman malami. Uban da zai kai ɗansa koyon ɗinki yakan duba ko keken telan yana aiki, ko yana zama a shago, ko yaran da suka riga sun iya yanka; haka za ka yi wa jami'a. Ka shiga Google Scholar ka rubuta sunan sashen da fannin, ka ga wa ke wallafa bincike a shekaru ukun nan da suka wuce, a kan me. Ka karanta takardunsa biyu, ko da ba ka gane rabinsu ba. Sannan ka nemi ɗalibansa na yanzu, ba shi ba, ka tambaye su a keɓe: yana karanta babi ya mayar cikin mako nawa? Ɗalibai nawa ke hannunsa? Wa ya gama a bara? Babban farfesa mai riƙe da muƙamai uku yana iya zama alheri ga takardar shaidarka, amma sau da yawa matashin dakta da ya dawo daga karatu, mai neman ƙarin girma, shi ne zai zauna da kai a ɗakin gwaji har dare. A jami'o'i da dama sashen ne ke raba ɗalibai ga malamai, amma malamin da ka riga ka je wa da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da tambayarka da yadda kake tunanin amsa ta, yakan nemi a ba shi kai. Ka je masa da ladabi, ka gaisa, ka faɗi buƙatarka a taƙaice. Saƙon "Salam sir, ina neman topic" ba ya samun amsa, kuma bai cancanci samu ba.

Tambayarka ce za ta nuna maka jami'ar da za ka nufa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ce ta kusa, tana da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ta daɗe tana aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana da murhu da iskar gas ta kashin dabbobi, tana da gonar gwaji ta fadama a Kwalkwalawa, da tsangayar likitancin dabbobi mai suna. Amfaninta a gare ka shi ne kana iya kwana a gida ka kula da gonar gwajinka. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna, wadda ta shiga sahun cibiyoyin da Bankin Duniya ke tallafa wa a Afirka tun 2014, kuma tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da cibiyar makamashin nukiliya mai ƙaramin injin bincike da ya fara aiki a 2004, inda ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse. Kada kuma ka manta da maƙwabtanmu na arewa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 don nazarin yanayi da ruwa da noma a Sahel, kuma Jami'ar Abdou Moumouni tana cikin shirin WASCAL na sauyin yanayi da makamashi da Jamus ke tallafa wa. Ƙasarsu da ruwansu da albasarsu ta Galmi sun fi kama da namu fiye da na Ibadan. Wanda ya koyi Faransanci ko kaɗan ne ya buɗe wa kansa wannan ƙofar.

Sai kuɗi, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. Mutum yakan tara kuɗin rajista ya ɗauka ya gama. A kimiyyar gwaji, rajista ita ce ƙaramin kaso. Tun kafin ka amince da take, ka zauna da ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda shi ya san gaskiyar abin da ke aiki da wanda ya mutu, ka tambaye shi: na'urar auna ƙarafa masu guba tana aiki? In ba ta aiki, ina ake kai samfur, Zariya ko Kano? Nawa ne kowane samfur, a kan kowane sinadari? Sai ka ninka. Rijiya ashirin, sau biyu a shekara, damina da rani, kowane samfur a maimaita shi sau uku, a nemi ƙarfe shida: ka ga awo ɗari bakwai da ashirin ke nan, daga taken da ka ɗauka mai sauƙi ne. Ka ƙara kuɗin mota, da ƙanƙara da kwalabe, da man janareta don firij, domin samfurin jini ko na ƙwayoyin cuta da wuta ta ɗauke masa kwana biyu ya tashi daga aiki. Sinadaran gwajin ƙwayoyin gado da dala ake sayensu, kuma dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ɗalibai da yawa da suka tsara aiki da tsohon farashi sun tsaya cak a tsakiya. In lissafin ya fi ƙarfinka, ka rage girman tambayar tun yanzu, kuma ka kai tsarin wurin malamin ƙididdiga kafin ka ɗebi ko da kwalba ɗaya, ya gaya maka mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa mai inganci. Kai masa bayanai bayan an gama tarawa ba ya gyara abin da aka ɓata a tsari. Ka kuma ware kuɗin haya da abinci na ƙarin wata shida aƙalla. Yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata tara a 2020, ya ci takwas a 2022.

Ga masu gwajin gona, kalandar jami'a da ta manomi ba sa jiran juna. Albasar rani ana yayyafa irinta da ƙarshen damina, a dasa da shigowar sanyi. Alkama in ta wuce tsakiyar Disamba ba a shuka ba, zafi zai riske ta tana fidda kai. In sashen bai saurari ƙudurinka ba sai Janairu, ka yi asarar shekara ɗungurungum. Ka gaya wa malaminka wannan tun zangon farko, ka nemi izinin fara shirya fili da iri kafin zaman amincewa. Malamin da ya san noma zai gane.

Maganar tallafi ba zan tsawaita ba, don sharuɗɗan suna sauyawa duk shekara, shafin hukumar da kanta ne abin dogaro. PTDF na ɗaukar nauyin karatu a gida da waje a fannonin da suka shafi mai da gas da makamashi. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma ta dakatar da tura sababbin ɗalibai waje daga farkon 2025. Chevening ta Ingila tana neman shekara biyu ta aiki. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana nemansa a Janairu da Fabrairu, mai neman mastas kada ya kai shekara 30. Mai ƙarfi a lissafi ko fiziks ya dubi AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, shekara ɗaya ce kuma ana ɗaukar nauyin komai. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar ruwa da makamashi a Tilimsan ta Aljeriya. A Saudiyya akwai KFUPM da KAUST. Yawancinsu 2:1 suke so. Duk suna neman abu ɗaya da ƴan yankinmu ke da shi amma ba sa rubutawa: labarin matsala ta gaske da ka sani da idonka, da abin da za ka yi da karatun in ka dawo. Ka yi fasfo tun da wuri. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafi, ɗan damfara ne. Kuma tun bayan da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna a ƙarshen 2023 yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, don haka mastas ɗin da aka ce za a kawo maka har gida ba tare da ka zauna aji ba, ka bar musu kayansu.

Masu son kwamfuta, ku sani kamfani abin da hannunka ya iya yake tambaya kafin takarda. In aikin rubuta manhaja kake so, wata shida na koyo da gaske da ayyuka uku da za ka nuna sun fi MSc da aka yi a kan allo. In kuwa bincike kake so, a ƙirƙirarriyar basira ko sarrafa harshe, to mastas na da muhimmanci, kuma Hausa da kanta fage ce: ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane suna aiki a buɗe, kowa na iya shiga, kuma karin harshen Sakkwato bai samu masu tattara shi yadda ya kamata ba. Karatun nesa, irin na Jami'ar NOUN, yana yi wa ma'aikaci daidai, amma ka yi tunanin wuta da sabis a garinku. A 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda tsaro.

Ƙanwata, ke da ke da aure ko goyo, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a yi maganar tun kafin a sayi fom, da maigida da iyaye, a bayyane: kwana nawa a mako za ki kasance a Sakkwato, wa zai riƙe yara, wa zai raka ki ɗibar samfur. Gwajin ƙwayoyin cuta ba ya sanin Asabar da Lahadi, in lokacin dubawa ya yi dole a je. Ki zaɓi aikin da ya dace da rayuwarki ba tare da jin kin gaza ba. Ke kuma kina iya shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, ki auna ruwan randa ko hayaƙin murhu ko abincin yara, bincike da maza da yawa ba sa iya yi. In waje kike hange, ki san cewa tun Janairu 2024 Ingila ta hana masu mastas na darussa zuwa da iyali. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi hutun karatu a rubuce, ya riƙe kwafin amincewar. Wanda ya tafi da izinin baki, in aka sauya shugaba, takardarsa ba za ta shiga fayil ba.

Kada ka ba da kwangilar kundinka. Akwai masu rubuta wa mutane a kowane garin jami'a, yanzu kuma ga manhajojin da ke zuba rubutu cikin daƙiƙa, har da sunayen littattafan da babu su a duniya. Jami'o'i suna sa kundi a na'urar gano satar rubutu, amma abin da ke tona asiri da gaske shi ne malamin waje ya nuna lamba ɗaya a jadawali ya ce, "Wannan ta yaya ka same ta?" Ka riƙe littafin da kake rubuta duk abin da ka yi a ɗakin gwaji ko gona, da kwanan wata, har da gwajin da ya lalace. Ka ajiye bayananka wuri uku, ɗaya a imel. In sakamakon ya fito saɓanin abin da kake fata, ka rubuta shi haka nan, don shi ma sakamako ne. Wajen wallafawa, mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya, ba ta da daraja a wajen masu ba da tallafin dakta. Takarda ɗaya a mujallar da ake tantancewa da gaske ta fi biyar irin waɗancan.

Ranar kare kundi ba ita ce ranar gamawa ba, ko da an sha lemo an ɗauki hoto. Malamin waje zai bar gyare-gyare, kuma akwai wa'adin da za a mayar da su. Bayan nan sai sa hannun masu dubawa, sai ɗaure kundin, sai ya bi ta makarantar gaba da digiri har majalisar jami'a ta amince da sakamakon. Mutane da yawa sun koma gida washegarin karewa, damina ta kama su, ko aiki ya ɗauke musu hankali, kundin ya kwana shekara a cikin jaka har aka nemi su sake biyan rajista. Kada ka bar garin sai ka miƙa kwafin ƙarshe an ba ka shaidar karɓa. Sannan ka zauna ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu da Hausa, ka kai wa shugabannin ƙungiyar manoman da suka ba ka fili ko suka buɗe maka rudunsu, ka kai wani kwafin ofishin hukumar da abin ya shafa da sunanka da lambar wayarka a ƙasa.